Manhaja mai 'yanci a makarantu: Yadda malaman Kerala suka ƙwato darasin kwamfuta daga hannun kamfanoni

A ƙarshen watan Oktoban 2007, François Bancilhon, shugaban wani kamfanin manhaja na ƙasar Faransa mai suna Mandriva, ya wallafa buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Steve Ballmer, wanda a lokacin yake jan ragamar Microsoft. Najeriya ce sanadin wasiƙar. Mandriva ya ci cinikin ɗora babbar manhajarsa ta Linux a kan ƙananan kwamfutoci 17,000 samfurin Classmate na kamfanin Intel, waɗanda za a raba wa makarantun ƙasar. An gama magana, har kaya sun fara isowa, sai labari ya iske shi cewa za a biya shi kuɗinsa, amma za a goge manhajar tasa a ɗora Windows. Rahotannin lokacin sun ambaci wata yarjejeniyar talla ta dala 400,000 da ake tattaunawa a kai tsakanin Microsoft da kamfanin da ke kawo kwamfutocin. Microsoft ya ce bai saɓa wa wata doka ba. Da surutu ya yi yawa, asusun USPF na gwamnatin tarayya, wanda shi ne ke biyan kuɗin 11,000 daga cikin kwamfutocin, ya ce Linux ɗin za a bari.

An ɗauki abin a matsayin rigimar kamfanoni biyu na ƙasashen waje, aka yi kwana biyu ana magana, aka wuce. Tambayar da ke ƙarƙashin rigimar ba ta sami mai yi ba: idan yaro ya zauna gaban kwamfuta a makarantar gwamnati, ilimin kwamfuta ake koya masa, ko kuwa sabo da hajar wani kamfani? A daidai waɗannan shekaru wata jiha a kudancin Indiya, Kerala, tana tsakiyar amsa tambayar, kuma malaman makaranta ne suka tilasta aka amsa ta.

Mece ce manhaja mai 'yanci?

Kowace manhaja tana farawa ne da rubutun da ɗan Adam ya yi da wani yaren kwamfuta, jerin umarni da wanda ya iya zai karanta ya fahimta. Wannan shi ne rubutun tushe. Daga baya ake juya shi zuwa sigar da na'ura kaɗai ke ganewa. Kamfanoni irin su Microsoft da Adobe suna sayar da wannan siga ta biyu, su ɓoye rubutun tushen, lasisinsu kuma ya hana a kwafa ko a sauya. Kamar mutum ne ya sayi janareta aka liƙe murfinsa da dalma, aka kuma sa shi ya sa hannu cewa ba zai kai wa kowane makanike ba sai wanda kamfani ya aiko.

A watan Satumban 1983 Richard Stallman, wani masanin manhaja a jami'ar MIT ta Amurka, ya sanar da aikin GNU, da nufin gina babbar manhajar da babu wannan kulle a kanta. A 1985 ya kafa gidauniyar FSF domin ɗaukar nauyin aikin. Ma'anar da suka tsayar tana da sharuɗɗa huɗu: mai amfani da manhaja yana da damar aiki da ita don kowace buƙata, yana da damar duba rubutun tushenta ya sauya shi, yana da damar kwafa ya ba wani, yana kuma da damar raba sigar da ya gyara. Lasisin GPL da ya fito a 1989 ya ƙara da cewa duk wanda ya raba manhajar, ko da ya gyara ta, dole ya miƙa wa na gaba irin damar da shi ma ya samu. A 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fitar da Linux, ƙwayar da ke haɗa manhajoji da gangar jikin na'ura, wadda ita ce ta rage wa GNU. Yau yawancin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet a kan Linux suke, Android ɗin da ke cikin wayar hannu ma a kansa aka gina ta.

Masu magana da Ingilishi sun daɗe suna rikicewa a nan, domin kalma guda ce gare su ga abin da ba a biya da abin da ba a ɗaure ba. Hausa ta raba su. WhatsApp kyauta ce, amma ba ta da 'yanci, domin babu mai ikon duba cikinta ko gyara ta sai kamfanin Meta. Manhaja mai 'yanci kuwa ana iya sayar da ita, kuma kamfanoni da dama da ita suke cin abinci, ta hanyar girkawa da gyara da horarwa.

Darasin da ba ya ambaton sunan kamfani

Akwai buƙata ta biyu da ake yawan haɗawa da ta farko, ko da yake kowace da inda ta dosa. Ita ce a tsara darasin kwamfuta ba tare da an jingina shi da hajar kowane kamfani ba. Tsarin karatu ya ce ɗalibi zai iya tsara rubutu, ya yi lissafi a jadawali, ya fahimci yadda ake jera umarni don warware matsala, ya san yadda bayani ke tafiya daga wannan na'ura zuwa waccan. Kada ya ce ɗalibi zai san inda maɓallin kaza yake a Word. Babu makarantar da ke koyar da rubutu da biro na kamfani guda sannan ta sa sunansa a jarabawa, amma a darasin kwamfuta an daɗe ana yin haka ba tare da an ga baƙon abu ba. (A Hausa, kalmar manhaja tana nufin tsarin karatu, tana kuma nufin abin da ake ɗora wa kwamfuta. A makarantu da yawa ta biyun ce ta cinye ta farkon.)

Ingila ta ɗanɗana wannan. Shekara da shekaru darasinta na fasahar sadarwa ya zama horon aikin ofis, yara suna maimaita Word da PowerPoint aji bayan aji. A watan Janairun 2012 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta fitar da rahoto mai zafi a kan darasin, sakataren ilimi na lokacin, Michael Gove, ya sanar da jingine shi a cikin watan. Daga Satumban 2014 aka maye gurbinsa da darasin da ke koya wa yara tun daga shekara biyar yadda ake tsara umarni da rubuta ƙananan manhajoji. Ingila ba ta kori Windows daga makarantunta ba. Abin da ake tambayar yaro a kai ta sauya.

Me ya sa kamfanoni ke damuwa da makarantu har haka, alhali ba a nan ribar take ba? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A 1998, a wani jawabi a jami'ar Washington, Bill Gates ya yi magana a kan masu satar manhaja a China, inda ya ce tunda dai satar za su yi, gara su saci ta kamfaninsa, su saba da ita, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. A 2007 Microsoft ya yi wa gwamnatocin ƙasashe masu tasowa tayin Windows da Office na ɗalibai a kan dala 3 kacal. Rangwamen gaskiya ne. Sai dai ɗalibin da ya tashi bai san komai ba sai haja guda, shi ne gobe ma'aikacin da zai nemi a saya masa ita, shi ne kuma babban sakataren da zai sa hannu a kwangilar.

Kerala: daga littafin aji takwas aka fara

Kerala tana gaɓar tekun kudu maso yammacin Indiya. Ƙidayar 2011 ta nuna tana da mutum sama da miliyan 33, kusan kashi 94 cikin ɗari sun iya karatu da rubutu, adadin da ya fi na kowace jiha a ƙasar. Harshenta Malayalam ne, mai haruffansa na kansa. Jiha ce da ƙungiyoyin ƙwadago ke da ƙarfi, mulki kuma ya daɗe yana yawo tsakanin ƙawancen 'yan gurguzu da ƙawancen jam'iyyar Congress.

A 2001 gwamnatin jihar ta kafa shirin IT@School domin shigar da kwamfuta makarantun sakandare. A shekarar ce kuma Stallman ya je babban birnin jihar, Thiruvananthapuram, ya ƙaddamar da reshen Indiya na gidauniyarsa. Da farko shirin ya bi hanyar da kowa ke bi: littafin da aka rubuta wa 'yan aji takwas a kan Windows da Office aka gina shi. Ƙungiyar malamai ta KSTA da masu fafutukar manhaja mai 'yanci suka ƙi amincewa. Hujjarsu mai sauƙi ce. Idan littafin gwamnati ya wajabta hajar kamfani, to kowace makaranta an bar ta da zaɓi biyu, ta sayi lasisin da ba ta da kuɗinsa, ko ta ɗora kwafin sata ta koya wa yara a kai. Suka ce gwamnati ba ta da hurumin tura malami cikin ko wanne. Jagoran 'yan adawa na lokacin, V. S. Achuthanandan na jam'iyyar gurguzu, ya ɗauki maganar ya mai da ita ta siyasa.

Matakin farko da aka ci shi ne sassauta littafin ya karɓi manhajojin biyu. Sannan aka haɗa wa makarantu babbar manhaja ta musamman a kan GNU/Linux, da taimakon masu fafutukar, aka fara ƙaura aji bayan aji. A 2006 Achuthanandan ya zama babban ministan jihar, ministan iliminsa M. A. Baby ya fito fili ya ce makarantun gwamnati manhaja mai 'yanci za su bi. Zuwa 2008 an kammala ƙaurar a sakandare, har jarabawar kwamfuta ta aikace ta 'yan aji goma a kanta ake yi. Wannan batu na jarabawa ba ƙarami ba ne. Muddin jarabawa tana tambayar hajar kamfani, malami zai koyar da ita ko da me doka ta ce, domin sakamakon ɗalibansa ake dubawa.

Abin da ya bambanta Kerala da sauran wuraren da suka gwada shi ne waɗanda aka ɗora wa aikin. Ba a ba wani kamfani kwangilar horar da malamai ba. Daga cikin malaman aji aka zaɓo manyan masu horarwa, malamin lissafi, malamar tarihi, aka koya musu, su kuma suka koya wa 'yan uwansu. Kowace makaranta tana da malami guda mai kula da harkar kwamfuta. Ana shirya tarukan gyara inda makarantu ke kawo na'urorin da suka lalace a duba su wuri guda. Sakamakon haka, idan injin buga takarda ya ƙi aiki a wata makarantar ƙauye, wanda zai gyara yana ɗakin malamai, ko a makarantar da ke maƙwabtaka.

Daga nan shirin ya wuce darasin kwamfuta shi kaɗai, ya shiga sauran darussa. Babbar manhajar makarantun, wadda yanzu a kan Ubuntu aka gina ta, tana zuwa ne ɗauke da kayan aiki: GeoGebra don lissafin siffofi, Stellarium don kallon taurari, gwaje-gwajen kimiyya na PhET, Audacity don sauti, GIMP don hoto, Scratch da Python don koyon rubuta manhaja, GCompris don ƙananan yara. Duka suna aiki ba tare da intanet ba. Tunda lasisin bai hana ba, yaron da ke da kwamfuta a gida zai kwafi abin da ya gani a makaranta ya tafi da shi, malami kuma zai ba shi ba tare da ya zama ɓarawo ba. Masu sa kai na ƙungiyar Swathanthra Malayalam Computing suka yi aikin haruffa da allon rubutu na harshen Malayalam, ba su jira wani kamfani ya lissafa ko kasuwar harshen ta kai a kula ta ba. Duk wanda ya taɓa neman ƙ da ɗ da ɓ a allon kwamfuta ya rasa, ya san darajar wannan.

A 2017 aka mai da shirin kamfanin gwamnati mai suna KITE, ƙarƙashin jagorancin K. Anvar Sadath. Shi ne ya sa wa ajujuwa kusan 45,000 kwamfutar tafi-da-gidanka da majigi. A 2018 aka kafa ƙungiyoyin ɗalibai na Little KITEs, inda yara sama da 100,000 ke koyon zanen hoto mai motsi, rubuta manhaja, haɗa ƙananan na'urori da gyaran kwamfuta, su ne kuma ke taya malamai kula da kayan makaranta. Har iyaye mata sun shirya wa darasi a kan kare kai a intanet. Lokacin da annobar korona ta rufe makarantu, tashar talabijin ta KITE mai suna VICTERS ta fara watsa darussa tun ranar 1 ga Yunin 2020.

Mai bin siyasa zai lura da wani abu a jerin shekarun nan. An kafa shirin a 2001, 'yan gurguzu suka karɓi mulki a 2006, ƙawancen Congress ya dawo a 2011, 'yan gurguzu suka sake karɓa a 2016. Babu wadda ta rushe aikin wadda ta gabace ta. Ba son juna ne ya hana su ba. Abin ya riga ya shiga littafi, ya shiga jarabawa, ya shiga hannun dubban malamai masu ƙungiya da ƙuri'a, rushe shi ya fi barin sa tsada. Achuthanandan ya rasu a watan Yulin 2025 yana da shekara 101, tsarin da ya mara wa baya yana nan yana aiki.

Maganar kuɗi

A 2019 KITE ta ce amfani da manhaja mai 'yanci a kwamfutoci 200,000 ya tsimin wa jihar rupee biliyan 30. Wannan adadi ya zagaya duniya, kuma ya kamata a karɓe shi da hankali. An samo shi ne ta hanyar ƙiyasta cewa kowace kwamfuta za ta ci rupee 150,000 da a ce an sayi takwarar kowace manhajar da ke cikinta a kasuwa. Babu gwamnatin da za ta sayi dukan waɗannan a kan cikakken farashi. Da ta nemi rangwame, ko ta haƙura da rabinsu. Gaskiyar da ke cikin adadin ta wani gefe take: yaran Kerala sun sami kayan aikin da, a ƙarƙashin tsarin lasisi, da ba za a taɓa saya musu ba.

Kuma kuɗin bai ɓace gaba ɗaya ba, wuri ya sauya. Abin da ba a biya na lasisi ba an kashe wani ɓangarensa a horar da malamai, da rubuta littattafai, da albashin masu kula da manhajar. Bambancin shi ne wannan kuɗi a cikin jihar ya tsaya, kuma ya bar ƙwarewa a bayansa. Gwamnan da ya ji kalmar kyauta ya zaci zai ɗora Linux ya soke kasafin horo, shi ne zai fara cewa abin ba ya aiki.

Inda aka gwada ta leƙo ta koma

Birnin Munich na Jamus shi ne misalin da masu adawa suka fi kawowa, ko da yake ofisoshin gwamnati ya shafa. Majalisar birnin ta zaɓi Linux a 2003, duk da Ballmer ya je da kansa ya gana da magajin gari Christian Ude. Zuwa 2013 kwamfutoci kusan 15,000 sun ƙaura. A 2017, bayan shugabanci ya sauya, majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Ma'aikata sun yi ta kukan cewa takardun da ake aiko musu daga wasu hukumomi ba sa buɗuwa daidai. Yankin Extremadura na Sifaniya ma ya ɗora nasa Linux ɗin, LinEx, a kan dubun-dubatar kwamfutocin makarantu tun daga 2002, amma ƙarfin aikin ya ragu da aka sami canjin gwamnati.

Koke-koken nan suna da tushe. Takardar da aka tsara da Word wani lokaci tana karkacewa idan aka buɗe ta da LibreOffice. Akwai injinan buga takarda da masu ƙera su ba su damu da Linux ba. Sannan akwai hujjar da iyaye suka fi ji a jikinsu: tallan aiki yana cewa ana neman wanda ya iya Word da Excel, mai shagon ɗab'i kuma CorelDraw zai tambaya. Uban da ya biya kuɗin makaranta da gumi yana da haƙƙin ya tambayi dalilin da za a koya wa ɗansa abin da ba a nema a kasuwa.

Amsar tana cikin tarihin Office ɗin kansa. A sigar 2007 Microsoft ya sauya fuskar Word da Excel baki ɗaya, duk wanda ya haddace wuraren maɓallai ya wayi gari baƙo. Wanda ya fahimci mene ne jadawali, yadda ake sa ɗaki guda ya ɗauko lissafi daga wani, bai ɗauki mako ba ya saba. Yaron da ke ajin farko na ƙaramar sakandare yau yana da kusan shekara goma kafin ya nemi aiki da digiri, kuma babu mai iya cewa ga fuskar da manhajar ofis za ta ɗauka a lokacin. Kerala, bayan kusan shekara ashirin a kan wannan hanya, tana ci gaba da fitar da matasa masu aiki a kamfanonin fasaha na Indiya da ƙasashen Larabawa, inda Windows ke kan kowane tebur.

Sabuwar ƙofa: bayanan yara

Rigimar 2007 a kan abin da ke cikin kwamfuta aka yi ta. Ta yau ta koma kan abin da ke fita daga cikinta. Google da Microsoft suna ba makarantu ajin intanet da adireshin imel da ma'ajiyar takardu ba tare da an biya ba, amma sunan yaro da aikinsa da makinsa da lokutan shigarsa suna zaune ne a kan na'urorin kamfani a wata ƙasa. A 2019 kwamishinan kare bayanai na jihar Hesse a Jamus ya ce amfani da Office 365 a makarantu ya saɓa wa doka. A 2022 hukumar kare bayanai ta Denmark ta dakatar da ƙaramar hukumar Helsingør daga amfani da kayan Google a makarantunta, ma'aikatar ilimin Faransa kuma ta umarci makarantu su daina ɗaukar sigogin kyauta na kamfanonin biyu.

Kerala ma ba ta tsira ba. A 2021, ana tsakiyar annoba, KITE ta ɗauko dandalin karatu na Google domin darussan kai tsaye, tana cewa an ba ta kyauta kuma an tsare sirrin ɗalibai. Waɗanda suka taya ta yaƙin farko suka soke ta da kakkausar murya. Lamarin ya nuna iyakar nasarar: kwamfuta tana iya zama a kan Linux daga sama har ƙasa, amma duk aikin da ake yi a kanta yana gudana a gidan kamfani guda.

Abin da ya shafi Najeriya

A shekarar da aka yi rigimar Mandriva, makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja tana cikin wuraren farko a duniya da aka gwada kwamfutar shirin OLPC, mai burin ba kowane yaro tasa, wadda ita ma a kan Linux take. Gwajin bai zama tsarin ƙasa ba. A duka biyun na'ura aka sa a gaba. Littafi da jarabawa da malami suka tsaya inda suke, kishiyar jerin da Kerala ta bi.

Yau kwamfuta ba zaɓi ba ce ga ɗalibi, tunda JAMB ta mai da jarabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta tun 2015. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabon tsarin karatu da ya ƙara wa fasahar zamani matsayi. Amma wanda ya leƙa cibiyoyin koyon kwamfuta na cikin unguwa zai ga allunansu sunayen haja suke jerawa, Word, Excel, PowerPoint, CorelDraw, kuma sau da yawa kwafin da ba a biya lasisinsa ba ne a kan na'urorin. A makarantun da babu wuta balle na'ura, malami kan zana fuskar Word a allo yara su kwafa. Wannan ya fi kowanne asara, domin akwai ilimin kwamfuta na gaske da ake koyarwa babu kwamfuta. Shirin CS Unplugged, wanda Tim Bell na jami'ar Canterbury a New Zealand yake cikin waɗanda suka ƙirƙira, yana koya wa yara ƙirgen sifili da ɗaya da katuna masu ɗigo, da hanyoyin jera lambobi ta hanyar tsayar da su kansu a layi suna musayar wuri. Kayan darasin kyauta ne, an kuma halatta fassara su.

Akwai kuma matsalar da ta riga ta iso. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, Windows 11 kuwa ba ta hawa kan tsofaffin na'urori da yawa saboda sharuɗɗan da ta gindaya wa gangar jiki. Ɗakin kwamfutar da aka cika da na'urorin gwanjo yana gaban hanya uku: ya ci gaba da manhajar da ba a toshe ramukanta, ya sayi sababbin na'urori, ko ya ɗora Linux, wanda akwai nau'o'insa marasa nauyi da ke tafiya lafiya a kan kwamfuta mai shekara goma.

Duk lokacin da wata jiha ta sanar da yarjejeniya da kamfanin fasaha don makarantunta, hoton musabaha ake nunawa, takardar kuma ta shige aljihun tebur. A cikin takardar ne ake ganin shekara nawa rangwamen zai yi da wanda zai biya bayan ya ƙare, ko sunan hajar zai shiga littafi da jarabawa, wane ne zai horar da malamai kuma a kan me, da ƙasar da za a ajiye bayanan yara. Dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro bisa izini. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi kwafin irin wannan takarda ba tare da ya faɗi dalili ba, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa.